Motar Gudu A Titin Jama'a: Wace Taya Ta Dace Da Ita?

A shekarar 2012 kamfanin Toyota ya fito da wata ƙaramar motar gudu mai ƙofa biyu da ya sa wa suna GT86, wadda suka ƙera tare da Subaru. Injinta na gaba, ƙafafun baya ke tura ta, ƙarfinta kuma ya kai na doki 200. Masu sha'awar mota sun daɗe suna ɗokin ganinta, amma da ta iso suka duƙa suka karanta rubutun da ke jikin tayarta, sai gwiwar da yawa daga cikinsu ta yi sanyi. Michelin Primacy HP ce, faɗinta milimita 215 kacal, irin wadda ake ɗaura wa wasu motocin Prius, motar da duniya ta sani da tsimin mai. Aka yi ta surutu cewa Toyota ya yi rowa. Ashe da gangan ne. Injiniyoyin da Tetsuya Tada ya jagoranta so suke direba ya ji lokacin da bayan motar ya fara zamewa a gudun da zai iya gyara kuskurensa, tun abin bai kai ga asibiti ba. Bayan kusan shekara goma, da magajiyarta GR86 ta fito da injin da ya fi girma da jiki mai ƙarin ƙwari, sai aka sa wa samfurinta na sama Michelin Pilot Sport 4, wadda ta fi waccan kama kwalta nesa ba kusa ba.

Na kawo wannan ne don ya nuna cewa masu ƙera mota da kansu ba sa ɗaukar tayar da ta fi kowace kama ƙasa su ce shi ke nan. Suna auna ta da injin, da nauyin motar, da irin hanyar da za a bi, da hannun da zai riƙe sitiyarin. Amma mai Mustang ko Camaro ko BMW M4 ko Mercedes AMG, idan ya je shagon taya, tambayarsa ɗaya ce: wacce ta fi kama hanya? Tambayar ba ta cika ba. Kama hanya a wane lokaci? Da tsakar rana a busasshiyar kwalta bayan tayar ta ɗau zafi, ko da ƙarfe shida na safe mota na fitowa daga gida, ko kuwa cikin ruwan watan Agusta da ya kwanta a ƙarƙashin gada? Ba taya ɗaya ce ke cin duka waɗannan ba, kuma wadda ta ci na farko sau da yawa ita ce ta ƙarshe a na uku.

Duk ƙarfin injin, da tsadar birkin, da na'urorin da ke hana mota zamewa, ta wurare huɗu kawai suke isa ƙasa, kowanne bai wuce girman tafin hannu ba. A wannan ɗan wuri roba ke yin aiki biyu. Na farko, tana lotsawa ta shige cikin kaushin kwalta ta riƙe shi. Na biyu, tana mannewa da fuskar kwaltar idan babu komai a tsakaninsu. Roba mai laushi ta fi iya duka biyun, shi ya sa tayar motar gudu ke saurin cinyewa. Ruwa kuwa yana raba roba da kwalta ya kashe mannewar, sai a dogara da lotsawar kawai, da kuma zanen da ke kore ruwan. Tun daga farkon shekarun 1990 da Michelin ya fara zuba sinadarin silika da yawa a cikin robar taya, kama jiƙaƙƙiyar hanya ya inganta ƙwarai, kuma a yau babban bambancin da ke tsakanin taya mai tsada da mai araha a cikin wannan haɗin robar yake, inda ido ba ya gani. Zanen kowa na iya kwaikwayonsa. Haɗin robar ne ba a iya sacewa da kallo.

Tayoyin da ake sa wa irin waɗannan motoci sun rabu gida uku, amma biyu ne ke jawo gardama. Gida na farko su ne tayoyin gudu na titi, irin su Michelin Pilot Sport 4S, da Continental SportContact 7, da Pirelli P Zero, da Goodyear Eagle F1, da Bridgestone Potenza Sport. Gida na biyu su ne waɗanda doka ta yarda a hau titi da su amma zuciyarsu na filin tsere: Michelin Pilot Sport Cup 2, da Pirelli P Zero Trofeo R, da Toyo Proxes R888R, da Yokohama Advan A052, da Bridgestone Potenza RE-71RS. Idan ka ajiye ɗaya daga kowane gida gefe da gefe, bambancin a fili yake. Ta gidan farko tana da manyan kwaroro uku ko huɗu masu zurfi da suka zagaye ta. Ta gida na biyu kafaɗarta ta waje kusan shafaffiya ce, zanen kaɗan ne kuma ba zurfi, kamar an riga an yi tafiya da ita. Wannan kamannin ne ke ɗaukar hankalin samari, domin ita ake gani a ƙafar Porsche 911 GT3 daga masana'anta.

A filin tsere, babu musu, ta gida na biyu ce gaba. Tana jure zagaye bayan zagaye ba tare da ta narke ba, tana shan kwana da gudun da ɗayar ba za ta iya ba. Sai dai an haɗa robarta ne don ta yi aiki bayan ta ɗau zafi sosai, zafin da ba a samu sai da taka birki da ƙarfi da shan kwana da ƙarfi a kai a kai. Wanda ke tuƙi a gari, daga danja zuwa danja, ba ya kai ta wannan zafi, don haka ya biya kuɗin ƙarfin da ba zai taɓa amfani da shi ba. Ga ƙara da take yi a hanya, ga tsakuwa da take ɗauka tana watsa wa jikin mota, ga shi kuma tana bushewa ta yi tauri bayan ta yi zafi ta huce sau da yawa, ko da zanenta bai ƙare ba. Abin da ya fi damuna da ita shi ne yadda take sakin hanya. Tayar da ke kama ƙasa da ƙarfi sosai tana ɗaga iyakar motar zuwa gudu mai yawa, kuma ranar da aka ƙetare iyakar, abin na faruwa ne a gudun da hannun direban da bai samu horo ba ba zai iya tarowa ba. A filin tsere akwai fili da yashi a gefe da aka tanada don wannan. A titi kuwa abin da ke gefe shi ne mai adaidaita, da ɗalibai, da ginin kwalbati.

Gida na uku su ne tayoyin da aka yi don su yi aiki a zafi da ɗan sanyin ƙanƙara duka. Turawa ke buƙatarsu, domin robar tayar gudu tana fara tauri idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, kuma a kan dusar ƙanƙara ba ta da amfani ko kaɗan. Bahaushen da ke zaune a Kanada ko Jamus ko arewacin Amurka dole ya yi la'akari da wannan, ya tanadi tayoyin hunturu na daban. Amma a Kano ko Abuja ko Yamai, in ban da wasu safiyoyin hunturu a tsaunukan Jos da Mambila, ba mu cika kusantar wannan sanyi ba. Tayar gudu ta titi tana yi mana aiki wata goma sha biyu, kuma a ruwan sama mai ɗumi irin namu ita ce ta fi tsayawa da wuri.

Maganar ruwa ta cancanci a tsaya a kanta, domin a nan ne zaɓin taya ke zama batun rai. Kwaroron da ke jikin taya magudanar ruwa ne. Kamfanin Continental ya ce sabuwar taya na iya kore ruwan da ya kai lita 30 a kowace daƙiƙa idan ana gudun kilomita 80 a awa. Idan ruwan da ke gabanta ya fi ƙarfin magudanarta, sai ya shiga ƙarƙashinta ya ɗaga ta, motar ta koma tana shawagi a kan ruwa. Wanda ya taɓa ji ba ya mantawa: sitiyari ya yi sakayau a hannu, ka murza shi babu amsa, ƙarar injin ta ɗan tashi domin ƙafafun baya sun daina cin ƙasa. Abubuwa uku ke kawo wannan da wuri, wato gudu, da ƙarancin zane, da faɗin taya. Motar gudu kuwa ta haɗa dukansu idan aka sa mata tayar filin tsere, domin ga faɗi, ga zane marar zurfi tun tana sabuwa. Ƙaramar mota mai siririyar taya za ta ratsa ruwan da zai ɗaga tayar da ke da faɗin milimita 295. A namu titunan kuma akwai ƙarin matsala biyu: magudanun gefen hanya da suka toshe suna barin ruwa ya kwanta, sannan ruwan farkon damina yana taso da ƙura da baƙin man da suka yi watanni suna taruwa a kan kwalta, ta yi santsin da ba ta yi a tsakiyar damina.

A cikin kwaroron kowace taya akwai wasu 'yan tudu da aka gicciya. Idan zanen ya cinye har ya yi daidai da su, saura milimita 1.6, wanda shi ne ƙarshen abin da doka ta yarda da shi a Turai. Kamfanonin sun sha bamban a kan ko a jira har can: Michelin na ganin taya mai kyau za ta iya kai wa wannan iyaka, Continental kuma na ba da shawarar a canza a milimita 3. A ganina, ga faffaɗar taya a ƙasar da ake ruwa kamar da bakin ƙwarya, milimita 3 shi ne daidai, kuma gara a canza kafin damina ta faɗi.

Yanzu mu duƙa mu karanta jikin tayar, domin kusan duk abin da mai saye ke buƙata yana rubuce a can. Ɗauki wadda aka rubuta wa 245/40 R18 97Y. Lamba 245 faɗinta ne da milimita. Lamba 40 na nufin tsayin gefenta kashi 40 cikin ɗari ne na faɗin, wato milimita 98. R18 na nufin za ta hau rim mai inci 18. Lamba 97 ita ce nauyin da za ta iya ɗauka, kilo 730, da 91 ce da kilo 615 ke nan. Harafin ƙarshe kuma gudun da aka gwada ta a kansa ne: H kilomita 210 a awa, V 240, W 270, Y 300. Wani zai ce shi ba zai taɓa gudun 270 ba, me zai yi da W? Harafin ba izinin gudu ba ne, shaida ce ta yadda aka gina cikin tayar da yadda take jure zafi, kuma motar da aka ƙera da W ko Y a ƙafarta an daidaita birkinta da sitiyarinta ne da taya mai irin wannan ƙwari. Ana iya hawa sama da abin da littafin mota ya ce a nauyi da gudu, amma ba a sauka ƙasa. Haka idan motar ta zo da taya mai alamar XL, wadda aka ƙarfafa don ƙarin nauyi, da XL za a maye ta.

Akwai wasu alamomi uku da gwamnatin Amurka ta wajabta, kuma ana yawan yi musu mummunar fahimta. Ta farko lambar daɗewa ce. Za ka ga 300 a jikin Pilot Sport 4S, 180 a Cup 2 ta asali, 100 a R888R, 60 a Trofeo R. Ana samun lambar ne ta hanyar gwada tayar da wata taya ta ma'auni a wata hanya da ke jihar Texas, tafiyar kusan kilomita 11,500. Amma kamfanin da ya yi tayar ne ke sa lambar da kansa, kuma an yarda ya sa ƙasa da abin da gwajin ya nuna. Saboda haka tana da amfani wajen kwatanta tayoyi biyu na kamfani ɗaya, amma 300 ta wannan kamfani ba lallai ta zama 300 ta wancan ba. Lamba 200 ma ta zama wani abu daban: ƙungiyoyin tseren masu sha'awa a Amurka sun sa ta a matsayin mafi ƙanƙantar lambar da za a shiga wasu rukunai da ita, sai kamfanoni suka yi ta fitar da tayoyin tsere masu ɗauke da 200. Duk wanda ya ga 200 a tayar gudu, ya san ta gida na biyu ce. Alama ta biyu, AA ko A ko B ko C, tana auna tsayawa ne a miƙe a jiƙaƙƙiyar hanya kawai, ba ruwanta da shan kwana. Ta uku ita ce ta jure zafi, A ko B ko C, kuma ga wanda zai bi hanyar Kaduna zuwa Kano da azahar a watan Afrilu, ban ga dalilin karɓar abin da bai kai A ba.

Idan tayar sabuwa ce da aka yi don kasuwar Turai, za a ga takarda manne a fuskarta. Tun 2012 Tarayyar Turai ta wajabta ta, aka sabunta ta a 2021. Tana nuna tsimin mai, da ƙara, da kuma tsayawa a ruwa daga A zuwa E. Wannan ta ƙarshen ita zan fara dubawa. Tsakanin mafi kyau da mafi muni, a gudun kilomita 80, bambancin tsayawa na iya kai wa mita 18, tsawon motoci huɗu a jere.

Sai batun girman rim, inda ado ke cin mutane. Taya 245/40 R18, da 245/35 R19, da 245/30 R20, duk tsayinsu daga ƙasa kusan ɗaya ne, wajen milimita 654. Abin da ke canzawa shi ne gefen tayar: daga milimita 98 ya koma 86, sannan ya koma ƙasa da 74. Gajeren gefe yana sa sitiyari ya amsa da sauri, kuma motar ta fi kyan gani, wannan gaskiya ne. Amma wannan gefen shi ne abu na farko da ke karɓar duka kafin shokozoba. Idan ƙafa ta faɗa rami mai kaifin baki, gefen tayar na matsewa tsakanin bakin ramin da bakin rim, zaren da ke ciki ya tsinke, bayan kwana biyu ka ga kumburi ya fito a gefe. Tayar da ta kumbura ta mutu, babu facin da zai cece ta, kuma tana iya fashewa kowane lokaci. Rim ɗin ma kan lanƙwashe ko ya tsage. Yawancin waɗannan motoci masana'anta na fitar da su da girman rim biyu ko uku. Ga wanda hanyarsa ke da ramuka, mafi ƙanƙanta daga cikinsu da zai rufe birkin motar shi ne zaɓin hankali, kuma galibi ya fi rashin nauyi, tayarsa ma ta fi sauƙin kuɗi.

Ƙara faɗi ma haka. Faffaɗar taya ba ta ninka wurin da ke taɓa ƙasa, domin nauyin mota da iskar da ke ciki ne suka fi yanke girmansa. Siffarsa take canzawa, ya zama gajere mai faɗi, wanda ke taimakawa wajen shan kwana a busasshiyar hanya. Abin da ake biya shi ne saurin shawagi a ruwa, da kuma yadda motar ke bin duk wani kwari da manyan motoci suka yi a kwalta, tana fisgar sitiyari hagu da dama. Idan kuma aka matsa faffaɗar taya a kan rim da ya yi mata ƙunci, fuskarta na ƙobarewa, a yi asarar abin da aka je nema. Duk canjin da za a yi, tsayin tayar gaba ɗaya kada ya kauce wa na asali da fiye da kashi 3 cikin ɗari, domin agogon gudu da na'urar ABS, wadda ke hana ƙafafu kullewa idan an taka birki, da shi suke lissafi. A motar da ƙafafunta huɗu ke ja kuwa, bambancin tsayi tsakanin gaba da baya na iya lalata giyar da ke raba ƙarfi tsakaninsu, gyaran da ya fi kuɗin tayoyi huɗu.

Duk wannan bayani zai tashi a banza idan tayar da aka saya tsohuwa ce, kuma a nan ne kasuwarmu ta fi rauni. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Ikeja a 2008, Najeriya ta koma dogaro da tayoyin waje. Sabuwar tayar gudu mai inci 19 ko 20 tana da tsada, ba kuma kowane shago ke ajiye ta ba, shi ya sa da yawa ke komawa ga ta hannu, wadda ake kira Beljiyam, duk da cewa tana cikin jerin kayan da kwastan ta hana shigowa da su. Za a wanke ta, a shafa mata baƙin mai ta yi sheƙi, mai shago ya cusa yatsa a cikin zanen ya ce, "Alhaji, dubi nama, ko rabi ba a ci ba." Zanen na nan, gaskiya ne. Amma roba na tsufa ko ba a hau ta ba, iska da rana da zafi suna busar da ita daga waje da ciki.

Shekarunta na rubuce a gefe. Nemi inda aka rubuta DOT, ka bi haruffan har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. Idan 2321 ne, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021. A gefe ɗaya kawai ake buga su, don haka idan ba ka gani ba a juya tayar. Idan kuma wurin ya nuna alamar an kankare ko an goge, ka bar ta ko nawa aka rage maka. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta daɗe tana cewa taya ta ƙare bayan shekara huɗu da yin ta. Kamfanonin mota da dama na cewa shida, Michelin kuma na cewa a riƙa kai ta ga masani duk shekara bayan ta cika biyar, kada kuma ta wuce goma ko yaya take. Motar gudu ta fi kowace faɗawa wannan tarko, domin ba kullum ake hawanta ba, zanenta ba ya cinyewa, mai ita sai ya ɗauka lafiya lau. Lokacin da ɗan wasan fim Paul Walker da abokinsa da ke tuƙi suka rasu a cikin Porsche Carrera GT a California a watan Nuwamban 2013, masu bincike sun ɗora alhakin haɗarin a kan gudun da ya wuce ƙa'ida, amma sun kuma rubuta cewa aƙalla biyu daga cikin tayoyin motar sun haura shekara tara.

Wata matsalar ta Beljiyam ita ce da yawansu tayoyin hunturun Turai ne. Ana gane su da hoton dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa, da kuma ƙananan tsage-tsage masu lanƙwasa da suka cika kowane ɓangare na zanen. An haɗa robarsu ne don ta kasance da laushi cikin ƙanƙara. A kwaltar bazara tana yin laɓo-laɓo, motar ta riƙa lilo a kwana, tsayawa ya yi nisa, zanen kuma ya ƙare cikin ɗan lokaci. Zurfin zanensu ne ke sa su fi sauran kyan gani a shago. Araha ba ta ado. Wanda kuɗinsa bai kai manyan sunaye ba, gara ya sayi sabuwar tayar gudu daga kamfanoni irin su Hankook ko Kumho ko Falken, da ya sayi Pirelli ko Michelin da ta shekara bakwai a wata ƙasa, wadda bai san ramin da ta faɗa ba ko facin da ke cikinta.

Wasu tayoyin kuma suna ɗauke da tambarin kamfanin mota: N0 ko N1 ko NA0 na Porsche, tauraro na BMW, MO na Mercedes, AO na Audi. Waɗannan an yi su ne musamman don wannan mota, kuma haɗin robarsu da gininsu na iya bambanta da na 'yar'uwarsu mai suna iri ɗaya da ba ta da tambarin. Idan ana samunsu, su ne farkon zaɓi, musamman ga Porsche 911 da injinta ke baya, wadda ba ta yafe rashin daidaito tsakanin gaba da baya. Idan ba a samu ba, abin da ba a sassautawa shi ne huɗun su zama samfuri ɗaya. Taya mai kama ƙasa sosai a gaba da mai santsi a baya, a motar da ƙafafun baya ke turawa, hanya ce ta juyawa a tsakiyar titi. Saboda haka idan biyu kawai za a iya saye, a baya ake sa sababbin, ko da na gaba sun fi nuna cinyewa. Gaba idan ya zame direba na ji a hannunsa, ya ɗaga ƙafa motar ta dawo. Baya idan ya kufce a ruwa, kafin ya ankara ya riga ya fuskanci inda ya fito. A lura kuma da ɗaurin: wadda aka rubuta wa Outside, wannan gefen ne zai kalli waje, mai kibiya kuma dole ta juya inda kibiyar ta nuna.

Motocin BMW da yawa suna zuwa da tayar da ake iya tafiya da ita bayan ta sace, wajen kilomita 80 a gudun da bai wuce 80 ba. Gefenta na da tauri ƙwarai, shi ya sa mutane ke cire ta su sa ta yau da kullum don motar ta yi laushi. Ba laifi, amma irin waɗannan motoci ba sa zuwa da safaya, don haka wanda ya canza sai ya tanadi abin da zai fitar da shi idan ya taka ƙusa tsakanin gari da gari.

Iska ce abu mafi araha a cikin duk wannan, kuma ita aka fi wasa da ita. Adadin da ya dace yana manne a jikin ƙofar direba, galibi tsakanin 32 da 36 a gejin da masu faci ke amfani da shi. Lambar 50 ko 51 da ke jikin tayar ita ce iyakar da za ta iya ɗauka, kuma na sha ganin an karanta ta an ɗura har can. Taya mai iska da yawa tana tafiya a kan tsakiyarta, ta rage kama ƙasa, ta kuma fi jin rami. Mai ƙarancin iska tana lanƙwasa a kowane juyi, ta tara zafi a cikinta har zaren ya rabu da roba, wanda shi ne asalin yawancin fashewar taya a doguwar hanya. Tayar da gefenta gajere ne ba ta nuna ta yi ƙasa, za ta iya rasa kashi ɗaya cikin uku na iskarta ido bai gani ba, kuma bugun ta da ƙafa ko da sanda ba ya faɗin komai. Mai irin wannan mota ya sayi gejinsa ya ajiye, ya auna da safe kafin motar ta motsa. Iska na ƙaruwa da kusan maki ɗaya duk lokacin da zafi ya hau da digiri 5 ko 6, don haka idan aka auna bayan tafiya za a ga ta haura, kuma ba a rage ta a lokacin.

Ranar da aka ɗaura sababbi, a yi balansin, a kuma yi alaimen a injin da ke auna ƙafafu huɗu, domin ƙafar da ta ɗan karkace na iya cinye gefen ciki na taya mai laushi har waya ta fito alhali wajen na nan kamar sabo. A tabbatar wanda zai ɗaura yana da injin cire taya, domin guduma da ƙarfen da ake ɓalle tayar bas da su suna yanka bakin tayar mai gajeren gefe. Sabuwar taya kuma tana fitowa da ɗan santsin masana'anta a fuskarta, sai an yi 'yan ɗaruruwan kilomita da ita a hankali kafin ta fara kama hanya yadda aka yi ta.